Takalmi ɗaya muke karɓa-karɓa, yau ko wayata ba ya ɗauka

Assalamu alaikum Kawu. Da fatan kana lafiya, da iyali baki ɗaya.

Shekarata 24, haifaffen cikin birnin Kano ne ni, amma shekara biyar ke nan ina buga ƙwallo a wata ƙaramar ƙungiya a gabashin Turai. Ba a nuna wasanmu a gidan kallo, amma alhamdu lillahi ina ci ina sha, har na gyara wa mahaifiyata gida.

Ina da aboki da muka taso tare tun makarantar allo. Shi ya koya min ƙwallo. Daga muna 'yan shekara 13 har 16, bayan asuba muna fili, bayan la'asar muna fili. Takalmin ƙwallo ɗaya gare mu, na gwanjo, da muka haɗa kuɗi muka saya a Ƙofar Wambai. In ya buga zagayen farko da shi, ni in buga na biyu. Ya fi ni girman ƙafa, sai na cusa soso a gaba yake zauna min. Wallahi Kawu ya fi ni iya ƙwallo nesa ba kusa ba. Shi lamba goma ne, ni ɗan baya.

Saura kwana huɗu a yi tantancewar wata makarantar ƙwallo da ta zo ɗibar yara, muna atisaye, ya taho da ƙwallo na shiga masa. Muka faɗi tare. Ni na tashi, shi bai tashi ba. Nan take gwiwar ta kumbura, aka kai shi wurin mai ɗori. Ranar tantancewa yana kwance ya miƙo min takalmin da hannunsa, ya ce in je in buga mana mu biyu. Aka ɗauke ni. Shi kuwa gwiwar ba ta sake komawa daidai ba, in ya juya da gudu sai ta goce. Yanzu gyaran waya yake yi a Farm Centre.

Da farko muna waya. Ni na fara ja da baya, domin duk sanda na ji muryarsa sai in rasa abin faɗa. Sau biyu na zo hutu ban je gidansu ba. Na aika masa kuɗi ta hannun ƙaninsa har sau biyu, duka ya dawo da su. Yanzu ko na kira ba ya ɗauka. Sauran 'yan majalisarmu kuwa saƙonsu ba ya wuce kuɗi, ko jesi, ko in haɗa ƙannensu da ejan.

A nan da sanyi ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe. In na dawo daga atisaye ni kaɗai ne a ɗaki, sai in buɗe wani tsohon hotonmu in yi ta kallo. Ji nake tun da na bar filin unguwarmu ban sake jin daɗin ƙwallo ba. Wani lokaci kuma sai in ji kamar rabonsa na ci. Takalmin ma yana nan a ɗakin mahaifiyata, na kasa yar da shi.

A watan Disamba zan zo hutun mako uku, kuma na ji an sa ranar aurensa a lokacin, ba a gayyace ni ba. In je ne, ko in ƙyale shi ya huta da ni? In kuma zan je, me zan ce masa?

Ɗanka, ɗan ƙwallo.

*

Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya yi wa ƙafar albarka, ya tsare ta.

Ka je. Na sa amsar a gaba ne don kada ka yi ta karatu kana laluben inda zan ba ka uzurin zama. Ba zan ba ka ba. Sai dai zuwa suna ya tara, akwai wanda zai ƙarasa ɓata ɗan abin da ya rage, saboda haka ka natsu mu yi magana.

Sau uku na karanta wasiƙarka ina neman wuri ɗaya ban same shi ba, wato inda ka dube shi ka ce, “Ni na shiga maka, ka yafe min.” Ka ba ni labarin takalmi, ka ba ni na kuɗi, har lokacin faɗuwar rana a garinku ka faɗa min, amma wannan kalmar babu ita. Haka muka taso, na sani. Tsakanin samari in abu ya faru sai a ce ƙaddara ce, a kaɗe wando a wuce. Kuma ƙaddarar ce, babu ja. Duk wanda ya ɗaura takalmi ya shiga fili ya san ana faɗuwa, kai kuma ɗan baya ne, shiga aikinka ne, ba da mugun nufi ka yi ba. Amma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mutum neman afuwa ba. Ko ƙafar wani ka taka a sahun salla ai kana juyowa ka ce yi haƙuri, balle gwiwar da yaro ya ɗora duk burinsa a kanta. Shekara takwas kalmar nan tana maƙale a maƙogwaronka. Ita ke hana ka magana in ka ji muryarsa. Abin faɗan guda ɗaya ne tak, kana ta kewaye shi.

Bari in sauke maka wani kaya kafin in ɗora maka wani. Yadda ka kwatanta ciwon, kumburi nan take, daga baya kuma gocewa in ya juya da gudu, ya yi kama da tsinkewar jijiyar nan da ke gicciye a tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL. Ita ke riƙe ƙashin ƙwauri kada ya zame gaba. Mai ɗori da ƙashi yake aiki, jijiyar da ta tsinke a can ciki kuwa hannu ba ya ɗora ta. Ko hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta, sai na'urar MRI. Kai ganau ne: da a ƙungiyarku hakan ta sami wani, kafin kwana biyu an ɗauki hoto, an sa ranar tiyata, a yi wata tara zuwa shekara ana gashi da motsa jiki, sai ka ga mutum ya dawo fili ya ci gaba da cin abinci da ƙafarsa. To abin da ya raba abokinka da ƙwallo ba shigarka kaɗai ba ce. Akwai fili mai tauri kamar daɓe, akwai rashin wanda zai ce a wuce da shi asibiti, akwai kuma babu. Yaro ɗan shekara 16 mai cusa soso a takalmi ba shi da iko da ko ɗaya a cikinsu.

Batun ka ci rabonsa kuwa, cire shi daga ranka. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Kuma ko da gwiwarsa lafiya lau, ba mai iya rantsuwa cewa da ya kai inda kake zato. Ka tuna yaran Golden Eaglets na 2013, wato ƙungiyar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17, waɗanda Manu Garba ya kai Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka doke Meziko da ci 3 da nema a wasan ƙarshe. Musa Muhammed, ɗan Kano, shi ne kyaftin. Yara 21 ne, an tace su daga cikin dubbai, ga kofin duniya a hannunsu. Yau in ka cire Kelechi Iheanacho da Taiwo Awoniyi da wasu 'yan kaɗan, sunan mutum nawa za ka iya kawowa ba ka duba waya ba? Duk cikinsu babu wanda bai iya ba. Hanyar ce matsatsiya. Kowace unguwa, daga Fagge zuwa Gwale zuwa Kurna, tana da nata lamba goman da ake cewa da ya samu hanya da duniya ta ji shi. Amma ka ji ni da kyau, wannan lissafin naka ne, don ka riƙa samun barci. Kada ka kuskura ka kai masa. Ranar da ka ce masa ai ko ba ciwon ma ba lallai ne a ɗauke shi ba, ka tsinke ɗaya gwiwar.

Ga kayan da zan ɗora maka.

Ba na jin gwiwar ce ke ci masa rai game da kai. Wanda ya riƙe ka a zuci ba ya miƙo maka takalmi da hannunsa, kwana huɗu da faruwar abin, ya ce ka buga muku ku biyu. Tun ranar ya sallama maka. Abin da ya biyo baya shi ne mikin. Da ya ce ku biyu, ba kaso yake nema a albashinka ba. So yake ya kasance cikin tafiyar. Ya ji yadda wasanka na farko ya kaya, ya ji irin zagin da koci ke yi da yarensu, ya ji ranar da ka fara ganin ƙanƙara tana sauka, ka kira shi bayan wasa ya ce maka, “Kai har yanzu ba ka daina juya wa ɗan gaba baya ba?” Shi ya koya maka ƙwallo fa. Ka tafi da takalmin, ka kuma hana shi labarin.

Ka ɗan tsaya a inda yake tsaye. Yana zaune a teburinsa a Farm Centre, ya buɗe wayar wani yana lalube da ɗan tsinke, ga ƙarar janareto, sai wani ɗan unguwa ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Mutuminka ya shigo gari ai, jiya na gan shi a mota.” Abokan sana'arsa da ya sha ba su labarinka duk sun juyo. Me zai ce? Sai ya yi murmushi ya ce, “Eh, mun yi waya.” Da daddare duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai ya kasa kunne. Mako uku a haka, har ya ji ka koma. Sau biyu ka yi masa wannan. Daga nan sai ga ƙaninsa da ambulan.

Na san da zuciya ɗaya ka aika. Amma ka duba hanyar da kuɗin suka bi. Ƙaninsa ya sani, ke nan gidan gaba ɗaya sun sani, cewa kai da kuke cin gurasa ɗaya da shi yanzu aike kake yi masa kamar mai raba zakka. Da ya dawo da su kai ka ɗauka ƙiyayya ce. Ni kuwa nan ne na ga alamar alheri. Wanda ya fitar da kai daga ransa karɓa zai yi ya sa a aljihu, ai kuɗi ba su da wari. Mai dawo da kuɗi yana da buƙatarsu, magana yake yi maka: ba wannan nake jira ba.

Ina faɗa maka haka ne don ni ma an taɓa bari na a baya. Muna sakandare ni ke tsaron raga, aminina yana gaba. Allah ya ɗaga shi ta wata hanyar, ya zama babban mutum, ni ina koyarwa a firamare. Wata rana ya zo ƙofar gidanmu ya zauna a mota, ya aiko direba ya kira ni. Na fita, muka gaisa ta taga, ya miƙo min abin da ya kai albashina na wata biyu. Na yi godiya. Na shekara ban neme shi ba. Abin da ya gyara mu daga baya ko kwabo babu a cikinsa. Wata magariba ya zo da ƙafarsa, ya zauna a kan bencin ƙofar gida, aka fito da ɗanwake ya sa hannu a kwanona, sannan ya ce yana cikin damuwa a gidansa, ba shi da wanda zai faɗa wa sai ni. Muka kai sha biyun dare. A daren na ji na koma abokinsa, domin akwai abin da yake nema a wurina. Takalminku zuwa yake yana dawowa, shi ya sa ba wanda ya ji nauyin wani a cikinku. Yanzu kai so kake komai ya riƙa fita daga hannunka zuwa nasa. Ba namijin da zai daɗe a wannan zaman.

To ga yadda za ka yi. Ka je cikin kwana biyun farko da saukarka, kafin gari ya ɗauka ka zo. In labari ya riga ka isa, ka sake zama wanda ya zo daga baya. Kada ka fara da kasuwa. A can 'yan uwansa masu gyara za su yanyame ka da ɗaukar hoto, shi kuma dole ya yi fara'ar da ba ta kai ciki ba, ku rabu ba a ce komai ba. Gida za ka je, bayan isha'i, lokacin da ya ci abinci ya huta. Ka bar mota, ka hau adaidaita ka sauka a bakin layi ka taka. Kada ka ɗauki ɗan rakiya, kada ka sa wayar nan a hannu. Ka fara shiga ka durƙusa ka gaida mahaifiyarsa, wadda ta sha zuba muku tuwo a kwano ɗaya kuna dawowa fili buɗu-buɗu. Ka riƙe mata turare da atamfa irin tsarabar da ɗa ke kawo wa uwa. In ta yi maka faɗa ka sunkuyar da kai, ka ci faɗan, haƙƙinta ne.

In kun keɓe, kada ka yi dogon sharhi. Ka ce: “Na zo ne in ba ka haƙuri. Ni na ji maka ciwon nan, ban taɓa buɗe baki na ce ka yafe min ba. Kunya ce ta hana ni zuwa, kunyar kuma ta sa na yi maka abin da ya fi ciwon muni. Ka yafe min.” Daga nan ka yi shiru. Shirun zai yi maka tsawo, za ka ji kamar ka cike shi da bayanin wahalar Turai da rashin lokaci. Ka danne. In ya fashe da faɗa, ka gode wa Allah, ƙurjin ne ya fashe.

Abin da na fi yi maka tsoro shi ne ya ce, “Haba, ba komai, ai ya wuce,” ya tambaye ka hanya, ya raka ka bakin layi. Ka san “ba komai” ɗinmu. Akwai ta yafiya, akwai wadda ake rufe ƙofa da ita a hankali. In ita ka samu, ka karɓa da ladabi, washegari ka dawo. Jibi ma ka dawo. Daga baya ka je kasuwar ka ja kujera ka zauna a gefensa yana aiki, ka sayo rake ku sha. Wanda aka bari shekara takwas ba ya gaskata zuwa ɗaya, sai ya ga ƙafar ta saba da hanya. Zumunta a ƙafa take. Manzon Allah (SAW) ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku, ya kuma ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Kai da ka fara janyewa, sallamar a kanka take.

Batun aure ba shi da wuya. Ɗaurin aure ba ya buƙatar kati, kuma ɗan gida ba a gayyatarsa. Ka sa kaftani mara hayaniya, ka zo da wuri, ka taya shimfiɗa tabarmi da raba goro. Kada ka yarda ranarsa ta koma ranar kallonka. In maroƙa suka fara wasa ka, ka sallame su a ɓoye ka zame. Biki kuwa shi ne lokaci ɗaya da Bahaushe ke karɓar kuɗin abokinsa kansa a ɗage, domin gudummawa bashi ce, kowa ya san ranar ramawa na zuwa. Ka ba shi da hannunka, ku biyu kawai, kuma daidai abin da ba zai danne shi ba. Ka ce masa naka na tafe, kana jiran nasa.

Maganar gwiwa ka ajiye ta sai kun koma dariya tare, ko da sai a waya ne bayan ka koma. Ba don ya koma neman kwantiragi ba, wannan lokacin ya wuce, shi ma ya sani. Don gobensa ne. Gwiwar da ke gocewa shekara da shekaru tana cin guringuntsin da ke ciki, sai mutum ya shiga ciwon gaɓa tun bai tsufa ba. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan cikin garinku, aikinsu ke nan. A duba shi, a yi hoton, likita ya faɗi ko tiyata ce ko gashi da motsa jiki sun wadatar. Amma kafin ka buɗe baki ka yi lissafi har ƙarshe. In aiki ne, zai yi makonni a kan sanduna da watanni yana zuwa gashi, ga shi sabon ango mai cin abinci da zaman kasuwa. Wa zai riƙe gidan a lokacin? In ba za ka iya kai shi gaci ba, kada ka fara. In kuma ya ce a'a, gwiwarsa ce.

Yanzu hoton nan da kake kallo da daddare. Na yarda da kai, shekarun nan suna da daɗin da ba ya dawowa. A lokacin in an ci ku, abin da kuka rasa bai wuce kuɗin gurasar da aka sa ba, kafin a kira magariba kun manta. Yau kuskure ɗaya a baya yana iya zaunar da kai a benci, benci kuma yana iya cin kwantiragi, ga mutum nawa a gida da ke kallon ƙafar nan taka. Ƙwallo ta zama aiki. Duk wanda ya mai da abin da yake so sana'a yana biyan wannan kuɗin, kuma ba butulci ba ne ka ji kewar lokacin da take wasa. Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne kada ka je gidansu neman yaron da ke cikin hoton. Ba ya nan. Wanda za ka tarar magidanci ne, mai sana'a a hannu, wanda ya koyi tashi da safe ba tare da mafarkin da kuka yi tare ba, kuma wannan jarumta ce da kai ba a taɓa gwada ka da ita ba. In duk hirarka “ka tuna ranar da” ce, ka mai da shi ma'ajin ƙuruciyarka, shi kuma kowace tunawa fami ce. Ka tambaye shi yau ɗinsa. Wa ya koya masa gyara, yara nawa ke ƙarƙashinsa, ina ya haɗu da yarinyar. Wataƙila ya daina kallon ƙwallo gaba ɗaya. Wataƙila kuma duk wasan Pillars yana filin Sani Abacha a Ƙofar Mata yana “Sai Masu Gida” har muryarsa ta dishe. Ka bar shi ya nuna maka inda zai iya taɓawa.

Sannan ka faɗa masa abin da ka faɗa min. Duhun ƙarfe huɗu, ɗakin da ba mai sallama, abincin da kake ci kai kaɗai a tsaye. Shi a zatonsa ka shiga daula ka manta da shi. Bai san kana kwana da hotonsa ba. Ka ce masa kana buƙatar wanda zai riƙa kallon bidiyon wasanka ya faɗa maka gaskiya, ba mai yabo ba. Ido irin na lamba goma ba ya tsinkewa da jijiya.

'Yan majalisa kuwa kada ka ƙullace su. A wurinsu duk wanda ya hau jirgi da takalmin ƙwallo Ahmed Musa ne, wanda ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kaka ɗaya ya wuce Holan, daga can Mosko, har Leicester ta saye shi kan fam miliyan 16 da ɗoriya a 2016. Ba su san akwai ɗaruruwan irinku da albashinsu ke ƙarewa a haya da tikitin jirgi da hidimar gida ba. Ka zauna da su ka faɗa musu matsayinka ba kunya. Ka ware abin da za ka iya a shekara, in ya ƙare ya ƙare, kuma ƙwallaye da jesi da takalma ga ƙungiyar yaran unguwa sun fi dubu biyar-biyar da za a manta kafin sati. Batun ejan, wato dillalan 'yan wasa, ka yi kaffa-kaffa da sunanka. Dokar FIFA ta hana a tsallaka da yaro ƙasar waje don ƙwallo kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kuma duk dillalin da ya ce uba ya sayar da fili ya biya kuɗin gwaji, a guje shi. Yaro ya buga wasannin unguwa da na makarantu da irin su gasar Ramat, mai ido zai gan shi.

Kai ma ka kula da kanka a can. Ka nemi masallacin garin ko da ɗaki ɗaya ne, ka nemi 'yan Afirka ku riƙa haɗa tukunya ranar hutu. In ka ga barci ya ƙaurace maka, ko abinci ya fita ranka, ko atisaye ya zama maka dutse har makonni, ka faɗa wa likitan ƙungiya kai tsaye. Ciwo ne kamar na cinya, ana maganinsa.

Yana iya yiwuwa ka yi duk wannan ya ƙi sakin jiki. Ikonsa ne, ba a karɓar yafiya da ƙarfi. Ka koma bakin aikinka, duk Juma'a ka aika masa gaisuwa ta layi biyu ko bai amsa ba, in an yi haihuwa ka kira, hutu mai zuwa ka sake fara sauka a gidansu.

Takalmin kuwa ka bar shi inda yake a ɗakin mahaifiyarka, kada ka ɗauke shi zuwan farko. Rabin kuɗinsa nasa ne, bai manta ba. Wata rana kuna zaune zai ce, “Wai ina takalmin nan?” Ranar sai ka je ka ɗauko, da soson a ciki.

Ka gaida min mahaifiyarka. Ina jiran wasiƙarka a watan Janairu.